Birkin Tsohuwar Motar Soja

Mu Hausawan Tamale ba baƙin soja ba ne. Kakanninmu da dama sun ɗaura ɗamara a rundunar Gold Coast, suka je har Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, a zamanin da Hausa ce harshen bariki. Mutanen sun tafi, amma wani abu na sojan bai ƙare ba: tsofaffin motocin Bedford da aka yi gwanjonsu, suka koma jigilar doya, itace da ƙwaran kaɗanya. Samfurin RL an fara ƙera shi a Ingila a 1953. Injinsa ba ya gardama, ko yaron gareji yana tayar da shi. Birki ne ke raba gwani da ɗan koyo.

A garejojin Lamashegu, tsohon makaniki ba ya fara taɓa komai sai ya taka birkin ya ji. Idan ƙafa ta nutse kamar an taka tuwo, iska ta shiga layi. Idan ta yi ta sauka a hankali, robar cikin babbar silinda ta mutu. Man birki yana shan danshi. Mota ta yi damina biyar a ajiye, sai tsatsa ta cinye cikin silinda ta bar ramuka, kuma sabuwar roba ba ta zama a kan rami. Dole a goge, ko a kai wa mai injin gurza ya sa sabon hannun ƙarfe. Abin tsoro shi ne bututun mai ya tsage. Idan birki ya tafi, sai dai yaron mota ya diro da waigi, in Allah ya sa da sauran kwana.

Kayan gyara kuwa sai Suame Magazine ta Kumasi, wadda ita ma daga rumbun makaman soja ta samo sunanta. Can ake buga sabon layinin a kan tsohon takalmin birki da ƙusa. Na da yana da asbesto, don haka masu hankali ke jiƙa ƙurar ganga da ruwa, ba sa hura ta da baki.

Abin da ba mu yafewa shi ne ɗura ruwan sabulu ko baƙin mai a madadin man birki, wai don sauƙi. Baƙin mai kumbura roba yake, ruwa kuma tafasa yake idan ganga ta yi zafi a gangaren Nakpanduri, ga fasinja a kan kaya.

Aikin ƙarshe na mutum biyu ne. Ɗaya a sama yana taka birki, ɗaya kwance a ƙasa da sifana, ana farawa daga tayar da ta fi nisa. "Taka! Riƙe! Saki!" Haka za a yi ta yi har man ya fito babu kumfa. Yawancin masu wannan kira a yau gemunsu ya yi fari, samarin kuma sun koma gyaran babur da mai ƙafa uku, inda kuɗi ke shigowa kafin azahar.