Canjin Inji a Garejin Magariya

Magariya tana kudu da Damagaram, a kan hanyar da ta bi ta Tinkim ta shiga Babura, ta nufi Kano. Ƙasa ce ta gero da gyaɗa da rake. Amma daga an sauka kwalta aka nufi Dungas, ko Malawa, ko Dogo-Dogo, sai rairayi. Rairayi kuwa shi ke cin inji.

Shekaru da yawa Peugeot ce ta riƙe waɗannan hanyoyi. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, aka biyo da 504 a 1968, sannan a 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna. Kayan gyara suka wadata a bakin iyaka. Yanzu Toyota ta karɓe tasha, amma wanda yake da tsohuwar a-kori-kura bai yar da ita ba. In inji ya mutu, sai a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a nemo wani.

To, a nan ake yin kuskure. Ba kowane inji ke zama a kowace mota ba. Inji yana zaune ne bisa ƙafafu biyu na ƙarfe, kowace da robarta mai shanye girgiza, giyabos kuma da nasa mazauni a baya. Injin fetur na 404 da na 504 ƴan gida ɗaya ne, dukansu a kishingiɗe suke gefe guda, saboda haka saka na 504 cikin 404 ba ya ba bakanike wahala sosai. Injin gazuwal kuwa ya fi nauyi, ya fi girgiza. Robar fetur ba ta daɗewa ƙarƙashinsa.

Babban aiki shi ne a ɗauko injin wani kamfani dabam. Ramukan kusoshin da ke jikin bulok ba za su dace da ƙafafun ba, bakin giyabos ma haka. Sai mai walda ya yanko ƙarfe ya ƙera sababbin ƙafafu. Gwani yakan rataye injin da sarƙa, ya haɗa shi da giyabos tukuna, ya duba tukunyar baƙin mai ba ta taɓa komi ba, fanka ba ta kai ga lagireto ba, kana ya ɗiga walda. Mai gaggawa kuwa da ido yake awo. Wani ma yakan cire robar ya ɗaure ƙarfe da ƙarfe, wai ya fi ƙarfi. Ba ƙarfi ba ne: girgiza ce za ta tsaga shasi.

In inji ya karkace ko da kaurin yatsa ne, mota za ta tashi lafiya lau a gareji. Sai an yi mata lodin buhunan gero ranar kasuwa, ta shiga rairayi da giya ɗaya, sannan roba ta tsinke, fanka ta sari lagireto, ruwa ya tsiyaye. Fasinja su sauka su nemi inuwar gawo, karen mota ya hau kabu-kabu ya koma Magariya neman mai walda.