Wiwi mai ƙamshin lemu

Jama'a, akwai wani abu da ya jima yana damuna game da tabar wiwin da ake shigo mana da ita daga waje, wadda samari ke kira Loud.

A ƙasashen da suka halatta wiwi, irin su Kanada tun 2018 da jihar Kalifoniya ta Amurka, nomanta ya zama sana'ar kamfanoni. Yadda manomi ke zaɓen irin masara mai yabanya, haka su ma suke haɗa wannan iri da wancan, shekara da shekaru, har su samu ƙamshin da kasuwa ke so. Cikin ƙamshin da ke tashe akwai na lemu da lemon tsami. Sunayen ma kaɗai sun isa: Tangie, Super Lemon Haze. Wannan na ƙarshen har gasa ya ci a Amsterdam a 2008 da 2009. Ɗaya daga cikin sinadaran da ke ba da ƙamshin, limonin, shi ne dai wanda kake ji idan ka ɓare lemu.

To ina matsalar? Masu haɗa irin nan ba ƙamshi kaɗai suke bi ba, har da ƙarfin buguwa. A Amurka, sinadarin THC da ke cikin wiwin da hukuma ta kama bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba a 1995, amma a 2014 ya kai kusan kashi 12. Wani bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya nuna masu shan irin mai ƙarfi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali.

Yaro ɗan shekara sha shida bai san wannan lissafin ba. Shi dai ya ji ƙamshi mai daɗi, ya ga leda mai hoton lemu, an ce masa ta manyan yara ce, ba irin ta 'yan tasha ba. Shi ke nan.

Kuma kada mu ce abin yana nesa da mu. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6, ga hukumar NDLEA tana ta kama Loud a tashoshin jiragen ruwa na Legas.

Ni dai roƙona ga iyaye da yayye shi ne mu zauna da yaranmu mu yi musu bayani da hujja, ba zagi da tsinuwa kaɗai ba. Wanda ya riga ya faɗa, a kai shi asibiti da wuri, kada kunyar mutane ta sa a ɓoye shi a ɗaki.

Allah ya shirya mana zuri'a.