Ina Ungulayen Kasuwar Gombe Suka Tafi?

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Gombe, idonsa a ƙasa yake, ko a kan kaya ko a kan aljihunsa. Ni ma haka na shiga a ƙarshen watan Afrilu, sai da zafi ya kore ni zuwa wata rumfa kusa da mahauta, sa'an nan na ɗaga kai. Shirwa biyu na gani suna shawagi, ban ga ungulu ko ɗaya ba.

Mai karatu zai ce, to, mene ne abin damuwa? Wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san cewa a da, rufin mahauta bai rabuwa da ungulaye, suna jere sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki. Wani dattijon mahauci da na tambaya ya ce mini a zamanin ƙuruciyarsa sai an sa yaro da sanda yana korarsu, yanzu kuwa jikokinsa a karin magana kaɗai suka san ta.

Abin bai tsaya a Gombe ba. A shekarar 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, watau IUCN, ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Babban dalili a ƙasarmu shi ne farautarta da ake yi ana sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu, ga kuma guba da ake sa wa mushe. Ita kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, saboda haka abin da aka kashe ba ya mayuwa da wuri. Aikin da take yi mana kyauta ba ƙarami ba ne, domin cikinta yana narkar da ruɓaɓɓen nama tare da yawancin ƙwayoyin cutar da ke ciki. Ƙasar Indiya ta ɗanɗana rashinta: wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu irin ungulayenta kafin a hana shi a 2006, karnukan da ba su da mai su suka gaji mushen, tare da haɗarin ciwon haukan kare.

Da la'asar na ƙarasa kasuwar Tudun Hatsi, inda na tarar da 'yan kasuwa suna zancen wata tsuntsuwar dabam. An ga shamuwa ta sauka, watau damina ta ƙarato, mai ajiyar masara sai ya fara lissafi. Shamuwa tana cin rani a gabashi da kudancin Afirka, ta dawo ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, ba mai jifarta. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, camfi ya tsare ɗaya, camfi kuma ya cinye ɗayar.

Bayan magariba, ana ɗaure buhuna, wani ɗan dako ya nuna mini Kaza da 'Ya'yanta can ƙasa ta yamma, ya ce in ta ɓace ruwa ya zo. Masana taurari sun ce hasken nan ya yi tafiyar shekara kusan 440 kafin ya iso idonmu, watau ya taso tun kafin Buba Yero ya kafa masarautar Gombe. Na gaya masa haka, ya dube ni ya yi dariya, ya ɗauki buhunsa.