Sifirin ba a yi masa gaggawa

Litinin
Tun da na baro Doguwa da lodin masara nake jin ƙwanƙwasa a gaban Golf ɗin, ta hannun dama. Dajin Falgore ba wurin tsayawa ba ne, sai na lallaɓa har Tudun Wada. Da na leƙa bayan taya, mai ya jiƙe jikin shokozoba, ƙura ta manne masa. Na danna gaban motar na saki, ta yi ta lilo.

Talata
Na sauke kaya, na kai motar wurin Baba, dattijon da ke mini gyara a Kwanar Dangora. Ya ce, "Ɗana, biyu za ka sayo. In ka sa sabo a dama ka bar gajiyayye a hagu, ranar da ka taka birki da ƙarfi za ka gane."

Laraba
Kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano. Na ɗauki 'yan Beljiyam. Kowanne sai da na danna sandarsa na ja, na ji tana turjewa, kafin na biya.

Alhamis
Yau aka yi aikin. An sassauta notunan taya tun motar tana ƙasa, aka ɗaga ta da jak, aka tokare da gungume. Baba ya raba tiyon birki da maƙalinsa, ya yi wa kusoshi biyu na ƙasa alama da ƙusa, don su ne ke riƙe da tsayuwar taya. Sannan ya buɗe bonet ya kwance notin sama, yaronsa ya tallabo shokozoba da sifirin a haɗe ya ajiye.

Yaron ya kai sifana kan notin da ke danne sifirin, Baba ya daka masa tsawa. Sifirin nan shi ke ɗauke da nauyin inji, kuma ko an fito da shi a matse yake. In notin ya fita haka nan, farantin kansa zai tashi kamar harsashi, ya sami fuska ko yatsu. Baba ya ɗauko ƙarafan matsewa biyu, ya kafa su suna kallon juna, yana ɗaure wannan kaɗan, wancan kaɗan, har sifirin ya saki faranti. Na sha ganin masu ɗaure shi da igiya ko waya, kuma raina ba ya so, domin yaran mutane ne ke sunkuyawa a kai. Wajen mayarwa ya tabbatar bakin sifirin ya zauna a gurbinsa.

Juma'a
Bayan masallaci aka yi alaimen. Na gwada ta zuwa Tiga ta Bebeji, ƙarar ta ɗauke, sitiyari ba ya ja gefe. 'Yan'uwana direbobin wannan hanya, kafin ku ba da mota a sauya shokozoba, ku ce a nuna muku ƙarfen matse sifirin. In babu shi, ku nemi wani gareji.