Kishiya A Gareji

A ƙarƙashin birnin Detroit na ƙasar Amurka akwai gishiri jibge, a zurfin da ya haura mita 300, kuma har yau ana haƙo shi. Ba na miya ba ne. Idan hunturu ya shigo, ƙanƙara ta rufe tituna, sai manyan motoci su fito suna watsa shi don ta narke, jama'a su samu hanyar zuwa aiki. Yana ceton rayuka, babu shakka, amma kuma shi ne ajalin motoci. Taya ta kwaso ruwan gishiri ta fesa wa cikin mota, ya bi kowane lungu ya kwanta, zafi ya dawo da laimarsa, ƙarfe ya fara ruɓewa daga ciki. Wanda ya tashi a Kaduna kamar ni, inda za ka ga Fijo ta shekara talatin fentinta ya koɗe amma ƙarfenta garau, bai san tsatsa ba tukuna, sai ya zo nan ya ga motar da direbanta ke hango kwalta ta tsakanin ƙafafunsa.

To, irin wannan ce a garejina yau shekara uku, Dodge Charger ƙirar 1968. Tana cikin jinsin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da motoci masu ƙwanji, wato a ɗauko mota matsakaiciya mai ƙofa biyu a cusa mata injin da ya fi ƙarfinta. Pontiac GTO ta 1964 ake cewa ta buɗe wannan fage. Injin tawa silinda takwas gare shi, girmansa lita 6.3, ya ninka na Fijo 504 sau uku, kuma da ƙyar litar fetur ɗaya take kai ta kilomita biyar. Masu sha'awar fim sun san baƙar irinta da ta yi tsere a titunan San Francisco a fim ɗin Bullitt na wannan shekarar. Zamaninsu bai yi tsawo ba. Kuɗin inshora ya hau, dokokin hayaƙi suka tsananta daga 1970, sannan ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, kasuwarsu ta mutu. Abin mamaki, tashin farashin man da ya binne su a nan, shi ne ya cika aljihun Nijeriya a shekarun da aka yi Udoji, aka kuma buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975.

Motar ta maƙwabcina ce, wani dattijo Baƙar fata da ya haura tamanin. Daga jihar Alabama ya zo yana saurayi, kamar dubban 'yan uwansa, ya kama aikin walda a katafariyar masana'antar Dodge da ke garinmu Hamtramck, ɗan ƙaramin gari da Detroit ta kusa zagaye shi. An rufe masana'antar a 1980, aka rushe ta a 1981. Garin da a da Folawan Turai, wato 'yan asalin Poland, suka cika shi, yanzu mutanen Yaman da Bangladesh ne suka fi yawa a unguwarmu, har kiran salla muke ji ta lasifika. Shi dai Baba, haka nake ce masa, bai gusa ba. Ya sayi motar sabuwa a kan dala dubu uku da 'yan kai, ya yi zance da ita, ya ɗauko 'ya'yansa daga asibiti da ita, daga bisani ya ajiye ta a bayan gida bisa ƙasa tsurarta ya rufa mata tamfol. Ta kusa shekara arba'in a wurin.

Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, 'ya'yansa suka so a sayar wa masu ɓaɓɓalle mota su sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, domin ta haka aka fi samun kuɗi. Ya ƙi. Ya ga ina ɗan taɓa ƙarfe, ya kuma ji labarin ƙanin mahaifina mai gyaran jikin mota a Panteka, wanda na yi wa riƙon guduma lokutan hutun makaranta. Sai ya sallama mini ita a kuɗin da bai kai darajarta ba, bisa sharaɗi ɗaya. Ya ce, "Yaro, kada ka yanka ta ka sayar. Ka tashe ta. Ina so in ji kukanta kafin a ɗauke ni." Na ce, "Baba, in Allah ya yarda." Uwargida da ta ga abin da aka jawo mata cikin gida, ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Maigida, ashe kishiya ka yi mini, kuma ka rasa wadda za ka ɗauko sai kuturwa." Sunan ya bi motar har yau.

Mai karatu, tsatsar da ido ke gani ba ita ce abin tsoro ba. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kumburi, saboda haka idan ka ga fenti ya yi ƙuraje, to aikin gama ya gama a ƙarƙashinsa. Kayan binciken farko sukudireba ne da ɗan maganaɗiso. Inda ka soka sukudireba ta nutse, babu ƙarfe. Inda maganaɗiso ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cike rami da ƙullun shafe ya bi da fenti. Na bi ta da su tun daga bamba har bamba. Daɓen but ya tafi gaba ɗaya, domin ruwa ya daɗe yana bin gefen gilashin baya yana ɗiga ciki. Daɓen wurin direba kamar rariya. Ƙasan madigadin baya duka biyun ya zama garin tsatsa da gidan ɓeraye. Rufi da bangon da ke tsakanin inji da direba ne kawai suka tsira lafiya.

Wahalar wannan mota ita ce ba ta da shasi na daban da za a ɗage jiki daga kansa. Jikin da ƙashin duk abu guda ne, an haɗa su da dubban ɗigon walda. Kafin ka yanke daɓe sai ka gicciya sandunan ƙarfe a ciki ka kafe su, in ba haka ba ta lanƙwashe a tsakiya, ƙofofi su daina rufuwa har abada. Bayan nan ka bi ɗigon waldar nan ɗaya bayan ɗaya kana hudawa. Sabon falle kuma ba a jan masa walda zar kamar ɗinkin keke, zafi zai murɗe shi. Ɗigo ɗaya a nan, ka tsallaka can nesa ka ɗiga wani, ka jira ya huce, ka dawo. Faci mai faɗin tafin hannu biyu yakan cinye mini yammaci guda, a garejin da sanyinsa ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa cikin watan Janairu.

Wata rana da na ciro kujerar baya, sai ga wata takarda ta yi ruwan ƙasa maƙale cikin wayoyinta. Takardar umarni ce da ke bin kowace mota a layin ƙira, ɗauke da lambobin launi da inji da giya. Harafi na bakwai a lambar motar B ne, alamar Hamtramck. Na kai wa Baba. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubanta, ya ce a ja masa kujera zuwa garejin. Tun ranar ya zama mai duba aikina. Yakan shafa tsofaffin ɗigon walda da ɗan yatsa ya nuna mini inda suka yi layi tsaf da inda suka karkace, ya ce wannan hannun wanda ya gaji ne, ƙarshen dare. Layin ba ya tsayawa, kusan mota guda kowane minti, wanda ya makara da ɗigo ɗaya sai dai ya bi ta da gudu.

A nan ne muka sha bamban da abokaina masu wannan sha'awa. Yanzu kusan kowane fallen jikin Charger ana buga sabonsa, da yawa daga Taiwan, a kawo maka har ƙofar gida. Shawararsu ita ce in yaye fatar duka in sa sabuwa, ya fi sauri, ya fi santsi. Ɗana ma ya tambaye ni, idan an sauya daɓe da but da gefuna, me ya rage na motar Baba? Ban raina tambayar ba. Abin da na tsayar shi ne, duk inda tsatsa ta kai zan yanke har sai na tarar da farin ƙarfe, ba zan rufa mata asiri da ƙullu ba, domin masu yin haka su sayar kyan ɗan maciji suke sayarwa, kuma ran mutum ne zai zauna a ciki. Amma inda ƙarfen 1968 yake da rai, ko da tabo, ko da karkataccen ɗigo, ba zan taɓa shi ba. Ina ganin motocin da aka gyara suka fi ranar da suka fito ƙyalli, ana yawo da su a bayan tirela don kada ƙura ta taɓa su. Ba su burge ni. Ba haka suka fito daga hannun su Baba ba.

Wannan ra'ayi yana da tsada. Yanke ɗan yanki a ɗinka ya fi sauya falle ɗungurungum cin lokaci sau uku, lokaci kuwa shi ne abin da dattijon ba shi da shi. Hunturun da ya wuce ya kwanta asibiti sau biyu. Sai na bar jikin na koma kan inji, ko da yake masana sun ce inji ne ƙarshe. Na kwance shi, aka wanke silindoji, aka sa wa mazaunin bawul ƙarfe mai tauri saboda fetur ɗin yanzu ba shi da dalma irin na da, na gyara kafireta, na ɗora shi bisa karagar ƙarfe da lagireto da batir da galan ɗin mai. Ranar wata Asabar jikarsa ta turo shi a keken guragu. A murɗawa ta uku ya kama, babu salansa, tagogin garejin suna kaɗawa. Uwargida ta fito da gudu ta toshe kunne. Baba ya ɗaga hannu alamar kada in kashe, ya rufe ido yana saurare, sannan ya ce silinda ɗaya tana tsallake, in duba filogi na ɓangaren dama. Na duba, wayar ce ba ta zauna ba.

Duk Asabar ta uku ta watan Agusta tsofaffin motoci kan yi jerin gwano a titin Woodward, al'adar da aka faro a 1995. Baba ya ce a kujerar gaba zai zauna. Saura madigadin baya na hagu, da birki, da tanki, da wayoyin wuta kaf. Fenti kuwa mun yi shawara da shi, in lokaci ya ƙure haka za ta fita da facinta.