Ƙugiya a Jikin Dutse

Mu mutanen Potiskum ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ƙugiyar da muka sani kuwa ita ce ta ciro guga idan ya faɗa rijiya. Ashe akwai inda ake rataya ran ɗan Adam a kan wadda ba ta kai tamu girma ba.

A kwarin Yosemite na Amurka akwai dutsen El Capitan, mai tsawon kimanin mita 900, miƙe kamar bango. Sai a 1958 Warren Harding da abokansa suka kai ƙolinsa ta wannan fuska. Mahaya irin waɗannan duwatsu sukan cusa ƙarfe cikin tsaga su saƙala igiya, domin in ƙafa ta zame ya tare su. To, inda babu tsaga fa? Nan ake neman ƙugiya: ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ake maƙala bakinsa a wani ɗan tudu, wanda sau da yawa bai wuce faɗin farce ba.

A ganinmu, kiranta kariya ma karamci ne, domin nauyin da ya ja ta ƙasa kaɗai take riƙewa. Da zarar mahayi ya wuce ta, motsin igiya na iya ɗaga ta ta suɓuce. Shi ya sa sukan manne ta da salatif, ko su ɗaure ta daga ƙasa. Duk da haka, in faɗuwa ta yi tsanani, ƙarfen kan miƙe, ko gefen dutsen ya ɓantare, mutum ya zarce zuwa ƙarfen da ke ƙasa, in akwai shi.