Gidan Tarihin Halittu a Bakin Teku

A garin Burusta, cikin jihar Masacusets ta ƙasar Amurka, akwai wani ɗan gidan tarihin halittu a yankin bakin teku da ake kira Kef Kod. An kafa shi a shekara ta 1954.

A ciki akwai tankunan gilashi masu kifaye da ƙaguwa da kunkuru. Akwai kuma amya mai bangon gilashi, inda yaro zai tsaya ya kalli ƙudan zuma suna aikinsu, ba tsoron harbi.

Amma babban darasi yana waje. Wata 'yar hanya ta ratsa fadamar gishiri bisa katakai, ta bi ta wani tsibiri mai itatuwa, ta ɓulla bakin teku. Sau biyu a yini teku yakan cika ya kuma janye. In ya janye, rairayi yakan bayyana wajen mil guda, yara su yi ta leƙen ƙananan halittu cikin kududdufai. In ya cika ƙwarai, ruwa yakan rufe katakan. Wanda ya makara, sai dai ya jira a tsibirin.

Saboda haka, iyaye, ku tambayi lokacin cikar teku tun kafin ku tashi. Ku sa wa yara dogon wando, gama akwai kaska cikin ciyawa, cizonta kuwa yakan kawo cuta. Kada ku gaggauta su. Yaron da ya tsuguna yana kallon ƙaguwa, ai karatu yake yi.